Yadda haske ke sa ayon ya ƙetare tantanin ƙwayar halitta

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar sinadaran jikin halittu. An koya mana cewa wasu ƙananan halittu suna da furotin mai suna rodofsin, wanda idan haske ya taɓa shi sai ya ɗauki ayon daga wannan gefe na tantani ya kai wancan. Sunayen duk na haddace, amma har yanzu abin bai zauna mini ba. Haske dai ba shi da hannu, to da me yake tura ayon? Kuma me ya sa ake ce wa wasu famfo, wasu kuma kafa, alhali a hoto duk kamanninsu ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara basira. Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema: yadda ƙarfin haske ke komawa motsi a cikin furotin, da kuma dalilin da gini iri ɗaya ke yin aiki iri biyu. Ta biyun ta fi nauyi, kuma ita ce ta daɗe tana cin raina lokacin da na fara aiki da waɗannan furotin. Amma ba za a kai gare ta ba sai an bi ta kan tantanin kansa.

Tantanin ƙwayar halitta kitse ne ninki biyu, kaurinsa kamar nanomita 5 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Sai an jera irinsa fiye da 10,000 kafin a kai kaurin silin gashi. Duk da wannan siranta, ayon ba ya iya ratsa shi, domin ayon ƙwayar zarra ce mai caji, kullum a lulluɓe take da ruwa, ruwa da mai kuwa ba sa shiri. Wannan ne ya ba ƙwayar halitta damar tara firoton (ayon na haidirojin) ko sodiyam a gefe ɗaya ta bar ɗayan da kaɗan. Manomin rani ya san amfanin haka. Ruwan da aka tara a sama dukiya ne, duk lokacin da aka buɗe masa hanya zai gangaro ya yi aiki. Ayon ma gangare yake bi, sai dai gangarensa abu biyu ne suka haɗa shi: bambancin yawa tsakanin ciki da waje, da bambancin caji. Ki riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara.

Daga ruwan gishiri aka fara

Akwai wata halitta, Halobacterium salinarum, da ke rayuwa a ruwan da gishirinsa ya kai kusan kashi 25 cikin 100, alhali na teku kashi 3.5 ne kawai. Irin wannan ruwa ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Idan oksijin ya yi ƙaranci sai halittar ta shimfiɗa wasu faci masu launin shunayya a tantaninta. A 1971, a San Faransisko ta Amurka, Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano cewa furotin ɗaya ne tal a cikin waɗannan faci, kuma yana ɗauke da retinal, sinadarin nan da ke cikin idonmu. Suka sa masa suna bakteriyorodofsin. A 1973 suka nuna cewa haske na sa shi fitar da firoton waje.

Gwajin da ya fi burge ni a duk tarihin fannin shi ne na 1974. Efraim Racker da Stoeckenius suka yi 'yan ƙananan jakunkuna na kitse, suka dasa musu wannan furotin tare da injin ƙera ATP (sinadarin da ƙwayar halitta ke adana ƙarfi a cikinsa) da suka ciro daga zuciyar saniya. Babu abinci, babu numfashi, babu ƙwayar halitta mai rai. Suka haska fitila, ATP ya fara samuwa. Tun 1961 Peter Mitchell ke cewa tarin firoton a gefe ɗaya na tantani shi ne ke juya injin ATP, masana da yawa suna musu. Wannan gwaji na cikin abubuwan da suka kashe bakin masu musun, Mitchell kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1978. A 1975 Richard Henderson da Nigel Unwin suka hango siffar furotin ɗin da madubin ilaktaron: sanduna bakwai murɗaɗɗu, a tsaye, sun ratsa tantani. Hoton da kike cewa duk kamanninsu ɗaya ke nan, kuma kin yi gaskiya.

Da me haske ke turawa

Haske ba ya taɓa ayon ko kaɗan. Retinal yake taɓawa. Retinal ɗan siririn sinadari ne dangin bitamin A, wanda jikinmu ke samu daga manja da karas da ganyaye, kuma rashinsa ne ke kawo dundumi. A bakteriyorodofsin, wanda ke da amino asid 248 (tubalan da ake gina furotin da su), retinal na kwance a tsakiyar sandunan nan bakwai, an ɗaure wutsiyarsa da amino asid na 216, wato Lys216. A daidai ƙullin akwai ƙwayar naitirojin da ke riƙe da firoton guda. Wannan ƙulli, wanda littafinki ke kira Schiff, shi ne zuciyar aikin baki ɗaya.

A cikin duhu retinal a miƙe yake. Da ƙwayar haske ta faɗo masa, musamman mai tsawon zango kusan nanomita 570, sai ya lanƙwashe a gaɓa ta 13. Wannan na faruwa cikin kusan rabin kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan, yana cikin sauye-sauye mafi sauri da aka sani a jikin halitta. Amma gurbin da yake ciki an yi shi ne don miƙaƙƙen retinal. Lanƙwasasshe bai dace da wurin ba, sai ya zauna a takure kamar baka da aka ja tsarkiyarsa ba a saki ba. A nan ƙarfin haske ya ɓuya. Ƙwayar hasken na kawo kusan kilokalori 50 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyi), abin da ya maƙale a retinal bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, tura firoton zuwa tudu kuwa, wato gefen da ya riga ya taru, kusan 5 yake ci. Saura duk zafi ne. Wasu na ganin wannan asara ce, ni kuwa ina ganin ita ce ke hana aikin komawa baya, domin kowane mataki gangarowa yake daga na gabansa.

Yanzu bi firoton ɗin. Kafin haske, naitirojin na fuskantar waje, inda Asp85 yake, wato amino asid na 85 mai suna asfatet, mai caji maras kyau (−), da ƙwayar ruwa guda a tsakaninsu tana riƙe da su duka. A wannan hali ƙullin ya damƙe firoton ƙam, pKa ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin riƙon firoton, ya haura 13, na Asp85 kuwa bai kai 3 ba. Lanƙwasawar retinal na kautar da naitirojin, ta ture ƙwayar ruwan nan. Riƙon ƙullin ya yi sanyi, kwaɗayin Asp85 ya ƙaru, firoton ya tsallaka. Kusan a lokaci guda wani gungu da ke bakin waje, wanda Glu194 da Glu204 da 'yan ƙwayoyin ruwa suka haɗa, ya saki nasa firoton zuwa wajen ƙwayar halitta. A wannan mataki, da ake kira M, launin shunayya na gushewa furotin ya koma rawaya-rawaya, yana shan haske a nanomita 412. Da wannan canjin launi muke bin sawun aikin a ɗakin gwaji.

Sai babban al'amari. Ƙullin da ya rasa firoton yana bukatar wani, kuma mafi kusa shi ne wanda ya ba Asp85. Da zai karɓe shi, da an yi aikin baban giwa. Abin da ke faruwa shi ne hanyar waje ta yanke, sanda ta shida ta ɗan karkata, ɓangaren ciki ya buɗe, ƙwayoyin ruwa su shigo su yi layi daga Asp96 zuwa ƙullin. Asp96 ya miƙa nasa firoton, ya ɗebi sabo daga cikin ƙwayar halitta. Retinal ya miƙe da kansa ba tare da haske ba, Asp85 ya mayar wa gungun bakin waje abin da ya saki, komai ya koma yadda yake. Duka zagayen kamar milisakan 10 ne.

Ki lura, firoton da ya fita waje ba shi ne wanda ya shigo daga ciki ba. Kamar 'yan gayya ne wajen gini, an yi layi ana miƙa tubali hannu da hannu. Babu wanda ya yi tafiya, amma tubali ɗaya ya ragu a ƙasa, ɗaya ya ƙaru a kan katanga.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne zaure mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta cikin gida, da sharaɗin ba za a taɓa buɗe su tare ba. Baƙo ya shigo ta ɗaya, a rufe ta, sannan a buɗe ɗayar. Famfo ke nan. Ƙwayar haske ɗaya, ayon ɗaya, zuwa gefe ɗaya, ko da tudu ne, kamar jigo da ke ɗago guga ɗaya a kowane ja. Inda masana suka daɗe suna ja-in-ja shi ne ainihin abin da ke juya ƙullin daga fuskantar waje zuwa ciki: retinal ne da kansa, ko motsin sanduna, ko sauyin riƙon firoton a ɓangarorin biyu. Hotunan da aka ɗauka da lesar eksire a Japan a 2016, waɗanda suka nuna furotin yana cikin motsi, sun tabbatar da gushewar ƙwayar ruwan nan da matsowar Asp85. A karatuna, abubuwan uku duk suna da hannu, kuma neman maɓalli guda ɗaya tak ya ɓata wa fannin lokaci.

Canza harafi ɗaya, kaya ya canza

Halittar gishirin nan, Halobacterium, tana da wani rodofsin, halorodofsin, wanda aka gano a 1977. A 1982 Brigitte Schobert da Janos Lanyi suka nuna cewa kuloraid yake turawa, kuma ciki yake kai shi. A gurbin Asp85 yana da tiriyonin, wanda ba shi da caji. Ƙullin mai caji mai kyau (+) na bukatar abokin zama mai kishiyar caji, sai kuloraid ya shigo daga waje ya cike gurbin. Retinal na lanƙwashewa, naitirojin ya juya da firoton ɗinsa, kuloraid ya bi shi zuwa ɓangaren ciki. A 1995 aka cire Asp85 daga bakteriyorodofsin aka sa tiriyonin, sai ga shi yana tura kuloraid. Amino asid ɗaya cikin 248. Af, halorodofsin da aka fi amfani da shi yau daga Natronomonas pharaonis aka samo shi, halittar da aka tsamo daga tafkunan Wadi Natrun a Masar. Abin da ke cikin waɗannan tafkuna shi ne kanwa, irin wadda muke sa wa a tuwo da miya.

An daɗe ana ɗauka rodofsin ba zai iya tura sodiyam ba, tunda shi da ƙullin cajinsu iri ɗaya ne, kora juna za su yi. A 2013 Keiichi Inoue da Hideki Kandori da abokan aikinsu a Japan suka samo wani rodofsin mai suna KR2 a wata bakteriyar teku, yana fitar da sodiyam. Dabararsa ita ce ƙullin ya ajiye firoton ɗinsa a hannun Asp116 na ɗan lokaci, hanya ta zama babu caji, sodiyam ya wuce, firoton ya dawo ya toshe bayansa. Firoton ya tashi daga kaya ya zama ƙyaure. Tun kafin nan, a 2000, Oded Béjà da Edward DeLong sun gano furotiyorodofsin a bakteriyar tekun Kalifoniya, daga baya aka ga irinsa ya cika tekunan duniya. Ashe abin da aka ɗauka na 'yan tsirarun halittun gishiri ne, hanya ce babba ta cin moriyar rana ba tare da koren ganye ba.

Kafa

Chlamydomonas reinhardtii gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya, tana iyo da gashi biyu, tana da ɗan jan ɗigo da take gane inda haske yake da shi. A 2002 da 2003 Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg a Jamus suka nuna cewa rodofsin ɗinta guda biyu, canalrodofsin na 1 da na 2, kafofi ne. Sanduna bakwai ne, retinal ne, lanƙwasawa iri ɗaya ce. Bambancin shi ne a nan motsin na buɗe ƙofofin zauren duka biyu a lokaci guda. Ruwa ya cika wani rami tsakanin sanda ta 1, ta 2, ta 3 da ta 7, ya haɗa waje da ciki na kusan milisakan 10. Firoton da sodiyam da fotasiyam da ɗan kalsiyam su kwarara, kowanne yana bin gangarensa. Ƙarfin haske a nan buɗe madatsa kawai ya yi, abin da ke tafiyar da ayon tarin da ƙwayar halitta ta riga ta yi ne.

Me ya sa gansakuka ta zaɓi haka? Domin labari take nema, tana da koren sinadarin da ke samar mata abinci. Famfo na ba da caji ɗaya a kowace ƙwayar haske, kafa na ba da masu yawa, don haka ɗan haske kaɗan ya isa ya sauya cajin tantani ya juya bugun gashinta. Wane ayon zai wuce kuwa, cajin bangon ramin ne ke yanke hukunci. A 2014 aka maye Glu90 na canalrodofsin na 2 da amino asid mai caji mai kyau, kafar ta koma wuce kuloraid. Shekara guda bayan haka Elena Govorunova da John Spudich suka tarar cewa wata gansakuka, Guillardia theta, ta riga mu yin haka, kuma nata ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2022 suka sake samo masu zaɓar fotasiyam.

Iyakar da ke tsakanin famfo da kafa siririya ce ƙwarai. A 2015 an mayar da wani famfon firoton kafa ta hanyar sauya amino asid uku kacal a kewayen retinal. Wasu famfunan ma, idan tudun ya yi musu tsayi, sukan yi yoyo baya. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce bambancin yana cikin lokaci, wato wace ƙofa ke buɗewa kafin wace. Hoto daskararre ba ya nuna lokaci, shi ya sa kika ga duk kamanninsu ɗaya.

Yadda muke rarrabe su a ɗakin gwaji

Gwaji mafi sauƙi da na yi sau da yawa ba ya bukatar kayan tsada. Ana sa bakteriyar E. coli ta ƙera rodofsin, a zuba mata retinal tunda ba ta yin nata. Idan aka tace ƙwayoyin aka ga sun yi ja ko ruwan hoda, furotin ya naɗu daidai. Sai a wanke su sau da yawa a ruwan gishiri zalla, a tsoma ma'aunin pH (wanda ke sauka idan firoton ya ƙaru a ruwa), a bari ya natsu a duhu, a kunna fitila. Famfon firoton zai sa pH ya sauka, idan aka zuba CCCP, sinadarin da ke huda wa firoton hanya, alamar ta ɓace. Famfon kuloraid ko na sodiyam kuwa pH hawa yake yi, domin cikin ƙwayar ya ƙara zama maras kyau a caji, firoton na bin sa ciki. A nan CCCP ƙara girman alamar yake yi. Don raba biyun sai a sauya gishiri: a cire kuloraid a gani, a cire sodiyam a gani.

Na taɓa ɓata kusan mako biyu ina murna da wata 'yar alama da ke fitowa duk lokacin da na kunna fitila, ashe zafin fitilar ne ke taɓa ma'aunin. Ranar da na gwada ƙwayoyin da ba su da rodofsin sam, alamar ta fito yadda take. Tun daga nan ba na fara gwaji sai da matatar zafi a gaban fitila da kuma ƙwayoyin da babu furotin a gefe. Ki kuma tabbata babu sinadarin daidaita pH da ya saura a ruwan, domin kaɗan daga cikinsa zai haɗiye alamar gaba ɗaya.

Wannan gwaji yana da iyaka, bai cika kama kafa ba. Ita sai an sa furotin a ƙwan kwaɗo ko ƙwayar dabba, a kama ta da siririn allurar gilashi, a riƙa sauya cajin tantani ana auna wutar da ke gudana. Wutar kafa tana raguwa har ta kai sifiri, sannan ta juya baya, kuma wurin juyawar na matsawa idan aka sauya gishirin waje. A canalrodofsin na 2 wurin yana kusa da milibolt 0. Wutar famfo raguwa take yi idan tudu ya ƙaru, amma a iyakar cajin da ƙwayar halitta ke rayuwa ba ta juyawa.

Wannan bambanci ya shiga aikin ƙwaƙwalwa kai tsaye. A 2005 Edward Boyden da Karl Deisseroth da abokansu suka sa canalrodofsin na 2 a ƙwayoyin jijiya, shuɗin haske ya sa su harba saƙo. A 2007 aka yi amfani da halorodofsin na tafkin kanwa, da rawayan haske, aka sa su shiru. Fannin da ake kira oftojenetiks ke nan. Amma famfo ba ya sanin ya isa. Idan aka daɗe ana haskawa, halorodofsin na cika ƙwayar da kuloraid har saƙon da ya kamata ya kwantar da ita ya koma tayar da ita bayan an kashe fitila. Famfon firoton kuma na sauya pH na bakin jijiya. Kafa ba ta wuce gangare, sai dai ita ma aikinta ya dogara da yadda gangaren yake a wannan wuri. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 a Faransa, wanda ciwon gado ya lalata masa ƙwayoyin gani. An sa masa wani canalrodofsin a ido ɗaya, da tabarau na musamman ya iya gane wurin abubuwa a kan tebur ya ƙirga su. Gani ne ɗan kaɗan, kuma na mutum ɗaya. Ni ba likitan ido ba ne, aikina a kan furotin yake, don haka kada wani ya ɗauki wannan a matsayin maganin da ke jira a asibiti.

Idan aka ba ki jerin amino asid na wani sabon rodofsin a jarrabawa ko a aikin bincike, jera shi da bakteriyorodofsin ki duba gurbi uku a sanda ta 3: na 85, na 89 da na 96. Kowane harafi sunan amino asid ɗin da ke gurbi ɗaya ne: DTD ko DTE na nuna famfon firoton, TSA ko NTQ famfon kuloraid, NDQ famfon sodiyam. Hasashe ne mai kyau, yawanci yana faɗa daidai. Amma a 2016 an gwada wani rodofsin, zenorodofsin, yana da asfatet a gurbi na 85 kamar bakteriyorodofsin, sai ga shi ciki yake tura firoton. Saboda haka ki rubuta hasashenki da fensir, sannan ki je ki kunna fitila ki auna.